Yadda zaka leƙa ƙarƙashin teku a Zanzibar, daga bakin gaɓa da kuma ta jirgi

Wanda ya taso a Kano ko Katsina ko Maraɗi ruwan da ya sani bai wuce kududdufi da dam da gulbi in damina tayi ba, kuma duk ruwa ne mai duhu wanda in ka tsoma hannu baka ganin yatsunka. Shi yasa ranar da na fara kifa fuskata a tekun Zanzibar da gilashi a ido na hango ƙasa tar, yashi fari fat, ga wani ɗan kifi mai zanen baƙi da rawaya ya zo daf da hancina ya tsaya yana juya ido, wallahi sai da na ɗago kai nayi tasbihi. Abun da ake kira sinokilin kenan, wato ka kwanta rub da ciki a saman ruwa, gilashi ya rufe maka ido da hanci, kana numfashi ta wani ɗan bututu da ke bakinka wanda ɗaya bakinsa yake sama a iska. Ba nutso bane irin na masu goya tukunyar iska a baya, kana saman ruwa ne kawai kana kallon ƙasa.

Abun da ya sa na zauna nake wannan rubutun shine 'yan uwanmu da yawa suna zuwa Zanzibar yanzu, ango da amarya, iyali lokacin hutu, kuma kuskuren da nake gani guda ɗaya ne, mutum bai taɓa saka bututu a baki ba sai ya biya kuɗin jirgin ruwa a kaishi tsakiyar teku a ce ya faɗa. Dan Allah kar kayi haka. Gaɓa ake farawa, inda in ka miƙe tsaye ruwa iya ƙugunka, jirgi kuma sai daga baya.

Kafin ka bar gida

Zanzibar ɓangare ne na Tanzaniya, babban tsibirin sunansa Unguja, kuma kusan duk mutanen wurin Musulmi ne, masallaci da abincin halal ba matsala. Ka nemi biza tun da wuri dan fasfo ɗin Najeriya sai an amince maka kafin ka taso, ba a filin jirgi ake buga maka ba. Sannan tun watan Oktoba 2024 duk baƙon da zai shiga tsibirin sai ya sayi inshorar gwamnatin Zanzibar ta dala 44.

Lokaci kuma, ka kauce wa Maris zuwa Mayu, shine babbar daminarsu da suke kira masika, ruwan sama yana dagula tekun. Daga Yuni zuwa wajen Satumba iskar kudu da suke cewa kusi tana kaɗawa, gari da sanyi-sanyi amma gabar gabas takan yi igiya. Daga Disamba zuwa Maris iskar arewa ce, kaskazi, ga zafi, ruwan ma da ɗumi. Ni dai in za a bar ni in zaɓa Oktoba nake so, ko Fabrairu. Kuma kar ka haɗa da azumi, dan ko gwani ne sai ruwan gishiri ya shiga bakinsa.

Mai ciwon zuciya, mai hawan jini, mai asma, mai farfaɗiya da mai sikila, a ga likita tukuna. Wannan ba maganar wasa bace, numfashi ta bututu ya fi numfashin banza wahala, kuma daɗewa cikin ruwa da gajiya suna iya tayar wa mai sikila ciwo.

Kayan aiki

Gilashin shine komai. Yadda zaka gane ya yi maka daidai: ka ɗora shi a fuska ba tare da ka saka igiyarsa ba, ka ɗan ja numfashi ta hanci ka saki hannu, in ya manne bai faɗo ba toh naka ne, in ya faɗo ka canza wani. Masu bada haya suna da yawa a bakin teku amma yawancin nasu sun tsufa robar ta saki, in kana da hali ka sayi naka da bututunka, ko dan tsafta ma, abu ne da ake cusawa a baki. Sabon gilashi ka goge cikinsa da man goge baki ka wanke kafin ka fara amfani da shi, in ba haka ba zai dinga yin hazo. Kullum kafin ka shiga ruwa kuma ka shafa ɗigon shamfu na jarirai a ciki, ko yawu, ka ɗauraye sama-sama.

Maza masu gashin baki ku saurara, ta nan ruwa yake yoyo. Gemu ba ruwansa, gashin da ke ƙarƙashin hanci ne yake hana robar zama. Ka rage shi sosai daga saman, ko ka ɗan shafa masa Vaseline. Mata kuma a tabbatar bakin hula ko gashi bai shiga ƙarƙashin robar ba. Kuma ɗaure igiya tamau baya hana yoyo, ƙara shi ma yake yi, ga ciwon kai.

Akwai wani irin gilashi mai rufe fuska gaba ɗaya har baki, yana burge sabon shiga dan ana numfashi ta hanci. Bana ba da shawararsa, masu arahar cikinsu suna tara iskar da ka fitar ka sake shaƙarta, kuma in ka firgita cire shi yana da wuya.

Sai takalmin nan mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, yana taimakawa in akwai jan ruwa. A gaɓa kuma takalmin roba mai rufe ƙafa kake buƙata, silifas baya yi, ruwa zai ɗauke shi. Sai rigar ceto, laif jaket, wadda in baka iya ruwa sosai ba ko tattaunawa babu, saka ta zakayi, kuma ka ɗaure igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu in tana da ita dan kar ta haye maka wuya.

Maganar sutura, 'yar uwa zaki iya shiga a rufe ruf kuma ba wanda zai kalle ki, matan garin ma a rufe suke shiga. Ki nemi kayan wankan nan na mata Musulmi, dogon wando da riga mai dogon hannu da hula mai kama kai. Amma abaya ko dogon hijabi ko zani, a'a, suna shan ruwa suyi nauyi su nannaɗe ƙafa, hijabi kuma yana tasowa ya rufe bakin bututu. Maza ma doguwar riga mai kama jiki da wando har ƙasan gwiwa yafi, dan baƙar fata ma rana tana ƙona ta, awa ɗaya kana kife bayan wuyanka da sha-raɓarka suna kallon rana, da daddare zaka ji raɗaɗi kamar an watsa maka barkono.

Ruwan nan tafiya yake yana dawowa

Wannan shine abun da mu mutanen tudu bamu sani ba kuma shine ya fi komai muhimmanci. Tekun yana cika yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, kuma a Zanzibar bambancin yana kai wajen mita 4 in abun ya yi ƙarfi. A gabar gabas, su Matemwe da Kiwengwa da Paje da Jambiani, zaka kwanta barci ruwa na dukan katangar otal, ka tashi ka tarar ya gudu ya yi nisan da sai ka yi tafiyar sama da kilomita kafin ka cim masa, mata suna can tsugune a gonakinsu na ciyawar teku da suke kira mwani suna ɗaure ta a igiyoyi. Su mutanen wurin cikar suna ce mata maji kujaa, janyewar kuma maji kupwa, ka riƙe kalmomin nan biyu zasu yi maka amfani.

Wata ne yake jan ruwan, dan haka lissafin watan Musulunci zai taimake ka, a farkon wata da tsakiyarsa wajen 14 da 15 cika da janyewa suka fi ƙarfi, jan ruwan ma ya fi ƙarfi. Kuma lokacin yana matsawa da kamar minti 50 kullum, cikar da ka gani yau ƙarfe 9 gobe sai kusan 10. Kusan kowane otal yana liƙa jadawalin a wajen karɓar baƙi, ko ka duba a waya, kar ka fita baka duba ba.

Haɗarin iri biyu ne. In ka taka ƙasa ka bi ruwa can nesa lokacin da ya janye, dawowarsa tana da sauri kuma ba ta gabanka kawai yake zuwa ba, yakan cika kwaruruwan da ke bayanka ya raba ka da gaɓa. Na biyu, lokacin da yake janyewa duk ruwan da ke cikin tafkin nan na tsakanin gaɓa da katangar murjani, wato wata halitta mai kama da dutse da ke girma a ƙarƙashin teku, ta wasu 'yan ƙofofi yake fita, a bakin ƙofofin nan gudu yake kamar kogi. Saboda haka mai koyo ya fi masa kyau ya sauka a arewa, Nungwi ko Kendwa, inda ruwan baya guduwa da nisa, ana iya shiga kusan kowane lokaci. Daga tsohon gari, Stone Town, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a mota.

Koyo a bakin gaɓa

Da safe zaka fita, kafin iska ta taso da rana ta dagula ruwa. Kuma ba kai kaɗai ba, ko gwani ne baya shiga shi ɗaya, ka samu wanda zai tsaya kusa da kai.

Na farko ka shiga har ruwa ya kai ƙugu, ka tsaya da ƙafafunka. Ka saka gilashi, ka saka bututu, akwai 'yan robobi biyu da zaka ɗan ɗora haƙora a kai ba cizo da ƙarfi ba, leɓe ne yake rufewa. Kafin ma ka taɓa ruwa ka yi numfashi goma ta baki a haka, a hankali, dogo. Zaka ji baƙon abu dan hanci a toshe yake, jiki zai saba.

Na biyu ka sunkuya ka tsoma fuskarka kawai, ƙafa tana ƙasa. A nan ne zuciya take cewa ka ɗago ka ɗago, ƙirji ya fara bugawa. Kowa haka yake ji. In ya yi yawa ka ɗago ka huta ka koma, har sai ka iya ƙirga numfashi ashirin fuska a ruwa hankalinka kwance. Zaka dinga jin ƙarar numfashinka a kunne, fuu haa, fuu haa, ka bi wannan ƙarar ka rage mata sauri. Kar ka wuce wannan matakin da gaggawa ko da zai cinye maka safiyar gaba ɗaya, dan abun da yake halaka mutane a ruwa yawanci firgici ne, mutum ya kiɗime ya fara kokawa ya shaƙi ruwa.

Na uku ka koyi fitar da ruwa daga bututu, da gangan. Ka nutsar da kai kaɗan ruwa ya shiga, ka ɗago, ka hura da ƙarfi sau ɗaya kamar zaka ce "tu!", ruwan zai fice ta sama. Numfashin da zai biyo baya ka ja shi a hankali harshe a ɗage saman baki dan ya tare ragowar ɗigon. Ka maimaita sau biyar ko goma. In ruwa ya shiga gilashi kuma ka ɗaga kai sama ka ɗan janye ƙasan robar ya zube.

Na huɗu sai ka saki ƙafa ka kwanta. Ruwan gishiri yana ɗaga mutum fiye da ruwan dam, ga kuma riga a jikinka, in ka sake jiki ka baza hannu ba inda zaka. Fuska tana kallon ƙasa da ɗan gaba kaɗan, in ka kalli cikinka bakin bututu zai nutse. Ƙafa kuma daga cinya ake kaɗa ta a hankali gwiwa kusan a miƙe, ba irin tuƙa keke ba, hannu ba sai ya yi aiki ba. Ka bi gefen gaɓa kar ka nufi tsakiya, kuma ka fara da fuskantar inda ruwa ke turowa dan dawowa ta zo maka da sauƙi lokacin da ka gaji. Duk bayan minti ɗaya ko biyu ka ɗago ka duba inda kake, ka riƙe wata bishiyar kwakwa ko wani gini a matsayin alama, dan kallon kifi yana ɗauke hankali, sai ka ɗago ka ga ka yi nisa. A Nungwi jirage suna shige da fice kusa da gaɓa, ka kauce wa hanyarsu.

In ka ji ruwa yana jan ka waje kar kayi kokawa da shi, ba zaka iya ba. Ka juya rigingine, ka cire bututu, ka yi numfashi, ka yanka ta gefe ka fita daga hanyar jan, ka ɗaga hannu ɗaya sama kana kaɗawa. Haka nan in ka ji numfashi ya fara yi maka wuya ko gajiya ta zo farat ɗaya babu dalili, ka fita nan take.

Gaskiya daga gaɓa ba zaka ga murjani mai yawa ba, yashi ne da ciyawa da 'yan duwatsu, da ƙananan kifaye, da taurarin teku, wasu halittu masu siffar tauraro, jajaye masu ƙulle-ƙulle a baya. Kar ka ciro su dan hoto, a ruwa suke numfashi. Komai kuma ta cikin gilashi yana ƙara girma da kamar kashi ɗaya cikin uku, ya kuma ƙara kusanci, kar ɗan kifi ya razana ka.

Abun da zaka kiyaye shine bushiyar ruwa, wata baƙar dunƙulalliyar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke maƙale a duwatsu. Na taɓa ganin wani bawan Allah ya taka ta da ƙafa tsirara a Matemwe, tafin ƙafarsa duk baƙaƙen ɗige-ɗige, ƙayar tana karyewa a cikin nama. Ana jiƙa wurin a ruwan zafi daidai wanda fata zata iya jurewa, a cire wanda ya fito da hantsaki, mutanen gari kuma suna shafa ƙaron ɗanyar gwanda. In ya shiga gaɓa ko ya kumbura a tafi asibiti. Akwai kuma kifi mai kama da dutse mai mugun dafi, shi kam in an taka shi ruwan zafi ne da asibiti ba ɓata lokaci. Dokar mai sauƙi ce, kar ka taɓa komai, kar ka cusa hannu a rami, kar ka tsaya a kan abun da ba yashi ba.

Yanzu sai jirgi

Bayan kwana ɗaya ko biyu a gaɓa, toh yanzu ka shirya. Wurin da kowa ke zuwa shine Mnemba, wani ɗan tsibiri a arewa maso gabas da murjani ya kewaye. Tsibirin kansa na masu wani otal ne ba a sauka, a ruwan gefensa ake tsayawa, kuma yanki ne da gwamnati ke karewa akwai kuɗin shiga. In ka tashi daga bakin ruwan Muyuni kusa da Matemwe tafiyar gajera ce, daga Nungwi kuwa doguwa ce, mai yawan jin jiri ya gwammace ya je Muyuni a mota.

Samari zasu tare ka a bakin teku suna tallar tafiya, ana kiransu papasi, akwai na kirki a cikinsu akwai akasin haka. Ko ta hannunsu ko ta otal, ka yi tambayoyin nan kafin ka bada ko sisi: akwai rigar ceto ga kowa har yara? Akwai tsani na hawowa? Akwai wanda zai shiga ruwa tare da mu da tayar ceto da za a riƙe? Mutum nawa ne a jirgin? Kuɗin ya haɗa da na shiga yankin? Ka ga rigar da idonka. Kuma kar ka ji kunyar cewa baka iya ruwa ba, faɗa wa direban jirgin, nahodha suke ce masa, tun kafin a tashi.

Wani abu da yake rikita baƙi, agogon Sawahili daga ƙarfe 6 na safe yake fara ƙirga. In an ce maka saa moja, wato awa ɗaya, ƙarfe 7 ake nufi, saa mbili ƙarfe 8. Ka nuna masa agogon wayarka ku daidaita. Kuma ka nemi tashin sassafe, dan zuwa hantsi jirage sun cika wurin maƙil.

Ka ci abu mara nauyi, ka sha ruwa, mai jin amai ya sha magani kamar awa ɗaya kafin tashi ya zauna tsakiyar jirgi yana kallon nesa. Da an isa, ka haddace kalar jirginku da sunansa dan duk kama suke in kana cikin ruwa. Kar ka sauka sai an kashe inji, kuma ko da wasa kar ka zagaya ta baya inda farfela take. Ka sauka ta tsani, ka riƙe shi ko igiya ka yi numfashin nan da ka koya har zuciya ta kwanta, sannan ka kifa fuska. Za ka ga ƙasa ta yi nisa, shuɗi a ƙarƙashinka, cikinka zai ɗan kaɗa, amma rigar da ta ɗauke ka a ruwa iya ƙugu ita ce dai take ɗauke da kai a nan.

Sai kallo. Kifin aku mai kore da shuɗi yana gurgurar dutse da bakinsa, har ƙarar kana ji, ƙaras ƙaras. Garken masu zane suna buɗewa su baka hanya su rufe a bayanka. Ƙaramin kifi ruwan lemo mai farin ɗamara yana leƙowa daga gidansa mai laushi yana komawa. In an dace a ga kunkurun teku, kasa a yarensu, dan suna yin ƙwai a yashin Mnemba. Shi murjanin da kake gani kamar dutse ko reshen itace halitta ce mai rai, girmansa a hankali yake, abun da ƙafa ɗaya ta karya sai an yi shekaru kafin ya dawo, kuma zaka ga wuraren da ya mutu ya zama tarkace fari. Ka janye ƙafarka daga kansa, kar ka yarda a watsa wa kifi burodi ko ayaba dan su taru, kar ka ɗauko komai ka kawo gida.

Dolfin kuma, dabbar teku mai kama da babban kifi, pomboo a yarensu, sau da yawa ana cin karo da su a hanya, sai kaga jirage goma sun bi su da gudu ana ta ihu a faɗa a faɗa. Abun yana min ciwo, ga takura wa dabbobin ga haɗarin farfela a kan mutane. Ka ce wa nahodha ku tsaya daga nesa ku kalla.

In kana lafiya aka tambaye ka daga jirgi, ka ɗora hannu a kanka, alamar ba komai kenan. Kaɗa hannu sama neman taimako ne, kar kayi shi dan gaisuwa. Minti 30 zuwa 40 ya isa ka hau ka huta. Wajen hawa ka cire takalmin agwagwa ka miƙa sama tukuna, kuma kar ka tsaya ƙarƙashin wanda ke kan tsani. Kafin a tada inji ka tabbatar an ƙirga mutane, kai ma ka ƙirga naka.

Wanda yake tsohon gari bashi da lokacin zuwa arewa, akwai tsibirin Changuu mai manyan kunkuru da tudun yashin Nakupenda, kusa ne amma kallon cikin ruwan bai kai ba. Daga Fumba ana fita yini guda a jirgin katako zuwa yankin Menai. In kuma murjani mai lafiya kake son gani da gaske, Chumbe ne, kudu da tsohon gari, an hana kamun kifi a wurin tun 1994, mutane kaɗan suke ɗauka a rana sai ka kama wuri tun da wuri, akwai masu jagora da ke shiga ruwa tare da ku, akwai tsada amma ya cancanta. Har ɗan tsohon masallaci akwai a tsibirin kusa da hasumiyar fitilar jirage da aka gina a 1904.

In kun dawo ka ɗauraye jikinka da kayanka da ruwan daɗi, ka shanya gilashi a inuwa dan rana tana cinye robar, ka karkata kai ka fitar da ruwan kunne ka bar shi ya bushe da kansa ba tare da ka cusa tsinke ba. Ka taho da busassun kaya a jaka tun daga gida saboda sallar azahar takan riske ku a hanya, kuma jakar ta zama ta yadi, dan Tanzaniya ta hana ledar zuba kaya tun 2019.